Sanduna Uku da Firigon Rabi

Baffanku Mamman ya daɗe yana ba da labarin nan a bakin teburinsa na canji, kuma duk sanda ya ba da shi sai an kwashe da dariya. Cewa yake wani tsoho a Gana ya damfare ni, ya sayar mini da ƙarafa uku a bakin firigon uwarku, wato firijinta. Na san ya iso kunnenku, don ranar sunan ɗan Nafisa na ga yadda ɗan'uwanku Abdu ya sunkuyar da kai da aka tayar da zancen. To ku saurara. Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, a CM1 na tsaya, aji biyar na firamare, wannan rubutun ma da goge-goge na yi shi. Amma abin da ya faru na san shi, tunda a jikina ya faru. Ba wanda ya damfare ni. Ni na yi ƙarya, wasu suka gyara.

Aikina kun san shi, ko da yake ba ku cika faɗarsa a gaban abokanku ba. Kadi ne ni, mai ɗaukar jakar sanduna a ɗan filin golf ɗin nan na bayan otal, bakin teku. Tun ina ɗan shekara sha tara nake bin masu kuɗin Kwatano a baya, jakarsu a kafaɗata ta dama. A unguwarmu ta Zongo ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a. Mai tura amalanke a kasuwa ana ce masa sannu da aiki, ni kuwa ɗan dakon masu wasa ake ce mini. Shekara ashirin da biyar ina yi, har kafaɗar ta sauka, ta ƙi komawa. Tela in zai ɗinka mini riga sai ya rage hannu ɗaya. Bayana kuma ya fara, in na sunkuya alwala sai na dafa bango kafin in miƙe.

Ranar Litinin ake barin kadi su yi wasa, don ranar masu kuɗi na biro, wato ofis. A nan na gane ina da abu ɗaya. Ban da ƙarfin bugun nesa, amma in ƙwallo ta matso kusa da rami, ko ta faɗa yashi, ba kadin da ke kama ƙafata. Sandar da ake wannan aikin da ita weji ake ce mata, gajera ce mai kwantaccen baki, tana shiga ƙarƙashin ƙwallo ta ɗaga ta sama ta ajiye. Tawa guda ɗaya ce, wani Bafaranshe ya jefar da ita da zai koma ƙasarsu. Na naɗe mariƙinta da robar tayar keke. Zanen da ke fuskarta, wanda ke riƙe ƙwallo ya sa ta tsaya, duk ya shafe don tsufa. Kullum bayan asuba nakan hau zem, wato acaɓa, in je bakin ruwan Fijirose in yi ta bugu a yashi kafin in wuce aiki, da silifas a ƙafata, a karkace, hannuwana can ƙasa kusa da gwiwa. Ba kyan gani. Amma ƙwallo tana zuwa inda na aike ta.

Shekarar da nake ba ku labari, monitan filin, wato mai koya wa mambobi wasa, ya tsufa zai koma ƙauyensu. Aka ce za a yi gasar kwana biyu tsakanin kadi, wanda ya ci shi ne sabon monita. Saura mako shida. Monita ba ya ɗaukar jakar kowa. Ku riƙe wannan, don shi ne duk abin da nake nema: in shiga filin nan ba komai a kafaɗata, kafin bayana ya kwantar da ni.

Wata likita da nake ɗaukar wa jaka ce ta ce mini da shafaffiyar sandar nan ba zan kai ba. Ta ce akwai wani tsoho a Ankara ta Gana, Baba Isaka, wanda ke auna mutum kamar tela, ya yanke sanda ya lanƙwasa ta daidai jikinsa. Na kawo zancen gida da yamma don a yi dariya. Yaya Mamman na zaune a tsakar gida ya zo cin tuwo, uwarku Rabi tana ɗaure bisap, wato zoɓo, a leda tana jerawa a firigo.

"A auna ka?" in ji Yaya Mamman. "Kai Hamidu, sanda ce ko wandon Sallah? Kawo ta nan in kai wa mai walda na bakin masallaci, ya lanƙwasa maka ita har ta yi ƙugiya."

"Ai shi na gani," na ce. "Ƙetare iyaka biyu a kan ƙarfe."

Rabi ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maigida, in an auna ɗin, za ka ci?"

"Wa ya sani."

"In ba a auna ba fa?"

"Ba zan ci ba."

"To," ta ce. Ta ci gaba da ɗaurinta.

Kwana uku bayan nan na dawo daga aiki na tarar da gurbin firigon a ƙasan ɗaki, murabba'i fari tas inda ƙura ba ta taɓa shiga ba. Firigon nan da kuɗin adashinta ta saye shi, shi ke ba ta bisap da ƙanƙara da take sayarwa, shi ya biya lakwal ɗin Nafisa. Ta sayar wa wata mai kifi a unguwar Gbegame. Na yi faɗa, na ce wa ta tambaya. Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini kuɗin a ƙulle a bakin ɗankwali.

"Firigo ana sake saye," ta ce. "Baya fa, a wace kasuwa ake sayar da shi?"

Yanzu ga inda na ɓata. Mu mutanen Zongo ba ma tafiya ƙasar wani da kayan aiki a jiki. In za ka je gaban babban mutum, sai ka yi shiga. Na je kasuwar gwanjo na sayi fararen takalman golf masu tudun ƙasa, irin na patron, wato iyayen gidanmu masu kuɗi, da riga mai kwala. Baba Isaka ya faɗa a waya in zo da sandar da nake wasa da ita. Na ɗauko ta, na dubi robar tayar nan, na mayar da ita bayan ƙofa. Rabi ta tambaya, na ce 'yan duwan, wato kwastan na iyaka, za su wahalar da ni a kanta.

Shagonsa kwantena ce a bayan wani fili, da raga a gaba inda ake buga ƙwallo. Tsoho ne ɗan siriri, Bahaushen zangon can, fensir a bayan kunne, yatsunsa baƙi ƙirin da ƙurar ƙarfe. Na ga masu aiki da hannu a rayuwata, ban ga kamarsa ba. Yakan ɗora sanda a tafin hannu ya rufe ido ya faɗi nauyinta, in ya ɗora a sikeli a samu haka. Ba ya gaggawa, ba ya yabon kansa, ba ya yi wa mai kuɗi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da na isa akwai wani matashi mai babbar mota yana jiran tasa, yana zaune yana kallo. Baba Isaka ya manna wata takarda a ƙasan sanda, ya shimfiɗa allon roba, ya ce in buga a kai, takardar za ta nuna inda sandar ke taɓa ƙasa.

Na dubi matashin nan. Na miƙe tsaye sak, na ɗaga kafaɗar dama da ƙarfi har ta yi daidai da 'yar'uwarta, na tura ƙirji. Shekara ashirin da biyar ina kallon bugun masu kuɗi daga baya, na iya kwaikwayonsa tsaf. Shi na yi. Kuma da yake hannuna ya san ƙwallo, bugu ashirin na yi duka suka tafi lafiya. Matashin har ya tafa.

Baba Isaka bai tafa ba. Ya ce, "Malam Hamidu, da takalman nan kake wasa?"

"Da su, Baba."

"Ɗaga ƙafarka in gani."

Na ɗaga. Ƙasan takalmin fes, ko ciyawa ɗaya babu.

"Ina sandarka ta gida?"

"Ta ɓata."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Zan sake tambaya, don ka zo daga nesa. Haka kake tsayawa kullum?"

"Haka nake."

"To. Abin da ka nuna mini shi zan auna."

Wuni guda ya yi a kan sanduna uku. Ya yanka, ya damƙe wuyan kowacce a na'ura ya lanƙwasa kaɗan-kaɗan yana dubawa, ya goge ƙasansu a dutsen wuta, ya sa sabon mariƙi. Aikin ba shi da aibu ko ɗaya. Ya ƙera su daidai wani dogon mutum mai miƙaƙƙiyar kafaɗa da takalma masu tudu, mutumin da ya rayu minti goma sha biyar a gaban raga a Ankara, bai kuma biyo ni cikin kar, motar dawowa gida, ba.

Washegarin dawowata na je Fijirose da silifas ɗina, na tsaya yadda jikina ke tsayawa. Diddigen sandar ya caki yashi, hancinta na sama, ƙwallo ta yi hagu. Na sake, hagu. Duk ukun haka. Na gane nan take, ba sai an faɗa mini ba. Amma maimakon in yi magana, sai na ce bari in zama mutumin da aka auna. Na sa fararen takalman, na miƙe sak, na yi ta bugu. Bugu talatin bayana ke ɗauka, daga nan ya ƙulle. Kwana goma ina wannan haukar. Na fara sallah a zaune. Kuma a cikin kwanakin nan ne Yaya Mamman ya tare ni a hanya ya ce yaya wandon Sallah, ni kuma na ce tsohon nan ya cuce ni. Kun ji inda labarin Baffanku ya samo asali. Daga bakina ya fito.

Rabi ba ta taɓa taka filin golf ba, ba ta san weji daga muciya ba. Amma ta san tafiyar mijinta. Wata safiya, ashe, ta hau zem ta biyo ni, ta laɓe bayan kwalekwalen masunta da wayarta. Ta ga na yi ta fama da sababbin har na gaji, na tuɓe takalman na yi jifa da su, na ɗauko tsohuwar don in huce haushi. Na ɗauka ba kowa sai teku. Na karkace yadda nake, na aika ƙwallo goma cikin da'irar da na zana a yashi. Duk ta ɗauka.

Da na dawo da la'asar ta zaunar da ni ta kunna mini.

"Wannan shi ne mijina," ta ce. "Wa ka kai wa tsohon?"

Na kawar da kai daga wayar.

"Na ga ranar da za ka tafi ka yi shiga kamar mai zuwa neman aure, na ce ko haka ake yi. Ashe kunya ka je ji a Gana."

"Rabi, ya isa."

"Bai isa ba, Maigida. Kafaɗar nan da ita ka ciyar da mu. Ni ban taɓa jin kunyarta ba, kai wa ya ba ka izini?"

Na ce komai ya riga ya wuce, ba kuɗin komawa, kuma ko akwai ba zan iya haɗa ido da mutumin ba. Ta ce ita ba ta yi masa ƙarya ba, za ta iya. Akwai wata Hajiya a layinmu mai fataucin atamfa zuwa Gana, tana neman wadda za ta zauna mata a kan kaya a hanya. Rabi ta riga ta yi magana da ita. Ta naɗe sanduna huɗu a tabarma, sababbin uku da tsohuwar, ta sa silifas ɗina a leda. Matar da ba ta jin Faransanci sai na ciniki, ba ta jin Turanci ko kalma, ba ta taɓa wuce garin Wida na nan kusa da mu ba. Daga baya Hajiyar ta ba ni labari cewa a iyakar Togo wani ɗan duwan ya kwance tabarmar ya ce makamai ne. Rabi ta karɓi ɗaya, ta ajiye ƙwallon mangwaro a ƙasa, ta karkace kafaɗa irin tawa ta buga, har ya faɗa kan rumfarsu. Suka yi ta dariya suka ce ta wuce.

Kwana huɗu ta yi. Ta dawo ƙafafunta a kumbure don zaman kan kaya, ta ajiye tabarmar a gabana, ta kunna mini saƙon murya. Har yau yana cikin wayarta, ku ce ta kunna muku.

"Malam Hamidu, Isaka ne. Na ga hoton. Wannan mutumin ya iya wasa, ban san abin da ya sa ka bar shi a gida ba. Na rage tsawo, na kwantar da wuyansu, na bi cin da ƙasan tsohuwar sandarka ya yi na goge sababbin haka. Tsohuwar ta faɗa mini gaskiya. Ban karɓi komai ba, don rabin laifin nawa ne, na gani na bar ka. Ka gaida bayanka."

Rabin laifin nasa, ku ji fa. Mutumin da ya tambaye ni sau biyu. Ni kuwa ina nan Zongo ina ɓata masa suna.

Ban san yadda zan kwatanta muku safiyar da na gwada su ba. Na tsaya a karkacena, na ajiye sandar, sai ta kwanta a yashi daram, kamar tare aka haife mu. Ban matsa hannu ba, ban gyara komai ba. Ƙwallo ta tashi, ta sauka, ta ciji ƙasa ta tsaya. Tunda nake, kayan wani nake sawa, takalmin wani, rigar wani, jakar wani a kafaɗa. Ranar na fara riƙe abin da aka yi don ni. Na zauna a yashi na daɗe ban tashi ba.

Saura kwana tara gasa, kuma bayana bai warke daga kwana goman nan ba.

Ba zan ja muku rai ba, ban ci ba. Kojo ne ya ci, wani yaron unguwar Agontinkon ɗan shekara ashirin da shida, mai bugun nesa kamar harbin bindiga. Da bugu biyu ya wuce ni. Sandunan Baba Isaka ba su ba ni kunya ko sau ɗaya ba. Sau bakwai na faɗa yashi a kwana biyun, sau bakwai na fito dab da rami, har mambobi suka bar inuwa suka biyo ni. A bugun nesa na faɗi, don a rana ta biyu ba na iya juya ƙugu. Masu ba da haƙuri suna cewa haka Allah ya rubuta. Na yarda. Amma na san hannun da ya sayi fararen takalman nan.

Na iso gida ina jiran kuka ko gori. Rabi na tankaɗe.

"Sun dace?" ta ce.

"Sun dace. Amma ban ci ba."

"Na ji, labari ya riga ka. Ni dacewar nake tambaya." Ta kaɗe hannu. "Ga ruwan zafi can na dafa, je ka gasa bayan."

Shekara uku tana sayen ƙanƙara a wurin maƙwabta, tana ɗaukar kula a ka zuwa tasha, kafin ta sake yin firigo. Ko sau ɗaya ba ta ambata mini ba. Da ta yi gori da na samu abin mayarwa. Ban taɓa iya yi mata godiya baki da baki ba, na gwada, maganar ba ta fitowa. Nafisa, ke kika fi iya karatu, ki karanta mata wannan wurin.

In kuna tambaya ko tafiyar ta biya, ga amsata, ba kwana-kwana. Ta biya. In mutum ya iya aikinsa kuma kayan aikinsa ne ke riƙe shi, ya je a auna shi, ko iyaka nawa ne. Amma ya je da tsohuwar sandarsa da silifas ɗinsa.

Na koma ɗaukar jaka ranar Talata. Bayan wata guda Kojo ya same ni a inda muke wanke sanduna. Yaron kirki ne, ban da abin faɗa a kansa, ko da yake na nema. Hausarsa ta kasuwa ce.

"Baba Hamidu, yashi ni ban iya ba. Mutane suna tambaya. Asabar ka koya musu, ni zan faɗa wa biro."

Abin da na samu ke nan. Ba monita ba, ba takarda, ba suna a allo. Rana ɗaya a mako. Sauran kwanakin har gobe jakar wani na kafaɗata.

Asabar ta farko Rabi ta ce za ta zo ta gani. Mai gadi, mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya da shi, ya hana ta shiga, ya ce sai mamba. Ta zagaya ta tsaya a bayan shingen waya ta wajen teku, kularta a ka. Na fito daga ɗakin kadi, sanduna uku a hannu, mambobi huɗu na bina a baya, kowa ɗauke da jakarsa da kansa. Na bi ta kusa da wayar don ta gani da kyau.

"Maigida," ta ce a hankali, "ka miƙe mana. Ai ba komai a kafaɗarka."

Na gwada. Na ce mata ba ta miƙuwa.

Ta dube ni, ta dubi mutanen nan huɗu da ke tsaye suna jirana da kayansu a wuya.

"To bar ta haka," ta ce. "Je ka, suna jiranka."